Wa ya san Sawakin? Ina neman labarin garin da Kakata ta haihu a hanyar Makka

Jikar Mai Tafiya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na ɗan yi shimfiɗa, don in ban faɗi mafari ba, ba za a gane abin da nake nema ba.

Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, da ƙafa ta je Makka. Daga wani ƙauye kusa da Haɗeja suka tashi ita da Malam mijinta, bayan an gama yaƙin Hitila, tana amarya ko shekara ba ta rufa ba. Sai da suka shekara bakwai kafin su dawo gida. Garuruwan hanya ta haddace su kamar karatun allo, in ta fara jero su da dare a tsakar gida har mu jikoki muna amsa mata: Maiduguri, Fallomi wato Njamena ta yanzu, Abeshe, Jinena, Fashir, Ubayyid, Madani, Gadarif, Kasala. Kowane gari da labarinsa. Nan Malam ya yi ɗinkin hula, can suka tsinci auduga kaka biyu, wani wurin ita ta soya ƙosai a bakin tasha har suka haɗa kuɗin lori. Amma duk sanda ta zo kan Sawakin sai muryarta ta sauka, ta gajarta zance.

Abin da muka samu daga bakinta kaɗan ne. Ta ce gari ne fari fat a tsakiyar ruwa, benaye hawa biyu hawa uku, tagogin katako sun turo kai waje kamar akwatuna, amma ba kowa a ciki sai kyanwoyi. Ta ce an tsare su a karantina, an yi musu lamba, ruwan sha kuwa saye ake yi. A nan ta haifi ɗanta na fari. Kwana biyar ya yi, bai kai suna ba. Har ta rasu ba ta kira shi da komai ba sai ɗan Sawakin.

Akwai wani dutse da ta zo da shi daga can, yana cikin adakarta naɗe a tsumma. Bai kai dunƙulen hannu ba, fari ne da ya ɗan yi ja don tsufa, ba shi da nauyi ko kaɗan, jikinsa duk ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma. Muna yara mun ɗauka dutsen goge kaushi ne, har wata rana yayata ta shiga wanka da shi, ranar ne kaɗai na ga Kaka ta ɗaga hannu za ta bugi jika. Yanzu yana wajen mahaifiyata, ita ma ta manyanta, kwanan nan kuma ta matsa da zancen wan nan nata da ba ta taɓa gani ba.

Na duba a intanet, hotunan da na gani tarin duwatsu ne da masallaci ɗaya ko biyu, har na fara shakkar ko garin ne. Don Allah, in akwai wanda ya taɓa taka Sawakin da ƙafarsa, musamman 'yan'uwanmu na Sudan: me ya rage a tsaye? Me ya kashe garin? Dutsen nan na mene ne? Kuma ana iya gane inda ake binne alhazan da suka rasu a karantina?

Ɗan Gadarif ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta rubutunki, sai da na ajiye waya na yi shiru tukuna. Ni a Gadarif aka haife ni, mahaifina ma haka, amma kakana mutumin ƙasar Katsina ne. Irin tafiyar Kakarki ya yi, sai dai shi bai ƙetare ba. Ya tsaya noman dawa don ya tara kuɗin jirgi, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, har ya koma ga Allah bakinsa bai daina cewa baɗi ba. Irinsa ba sa ƙirguwa a nan, daga Mai Wurno ta bakin Nilu har gonakin Jazira. Ni sana'ata tumaki, muna kai su Sawakin a loda su zuwa Saudiyya, na fi shekara ashirin ina shiga garin ina fita.

Garin ne kika gani, ba wani ba. Dutsen hannun Mama kuma murjani ne. Ba jan nan da mata ke sawa a wuya ba, ɗan'uwansa ne fari, wanda ke girma a ƙarƙashin Bahar Maliya har ya zama dutse. Da shi aka gina Sawakin tun daga tushe har rufi. Abin da ke adakar nan ɓallin bangon wani gida ne, ko kuma a gaɓa ta tsince shi.

Bari in bi da ke yadda nake shiga. In mota ta gangaro daga duwatsun Sinkat, zafi da gumi ne za su fara yi miki maraba, iska mai gishiri da ke manne wa fata. Sawakin uku ce a yau. Akwai tashar jiragen ruwa ta zamani da aka buɗe a 1991, aka sa mata sunan Usman Digna, jarumin Mahadi ɗan wannan yankin da ya hana sojan Ingila barci a yaƙe-yaƙen 1884. Daga nan jirgin fasinja ke tashi, kwana ɗaya a kan ruwa sai Jidda, har gobe alhazan Sudan da yawa ta nan suke bi. Akwai garin tudu da ake ce wa Gef, inda kasuwa take da mutane, yawancinsu 'yan ƙabilar Beja. A bakinsa za ki ga ƙofar Kitchener, wadda aka gina a 1886 lokacin wannan hafsan sojan Ingila yana gwamnan wurin, ragowar ganuwar da aka kewaye garin da ita saboda mutanen Usman Digna. Sai ta ukun, tsibirin, ita ce ta Kakarki.

Da can sai da kwale-kwale ake shiga, har Gordon, Baturen da ke gwamnan Sudan a lokacin, ya sa aka cike wata 'yar hanya a 1877 ta haɗa shi da tudu. Tsibirin ƙarami ne, zagayayye kamar faifai, ba ya cin awa guda ki kewaye shi. Ranar da na fara shiga da hantsi ne, na kasa buɗe ido sosai don hasken da fararen duwatsu ke mayarwa. Lunguna suna nan ana gane su, amma dama da hagu tsibi ne na duwatsu ya fi tsayin mutum. Can sai ki ga bango ɗaya ya tsaya shi kaɗai da bakan ƙofa mai ado, ko matattakala ta hau sama ba ɗakin da za ta kai ki. Na tsaya gaban wani bango na ga alkuki a ciki, irin wanda ake ajiye fitila, har da baƙin hayaƙi a samansa bai goge ba. Abin ya taɓa ni fiye da manyan gine-ginen.

Abin da ke tsaye sosai masallatai biyu ne, na Hanafi da na Shafi'i. Turkawa sun karɓi garin a 1517, mazhabarsu kuma Hanafiyya ce, suka riƙe shi har aka miƙa wa Masar a 1865. Masallatan ma sun kusa zubewa, hukumar Turkiyya ta TIKA ce ta gyara su tare da ginin kwastan mai zakuna biyu a kan ƙofa, kafin Erdogan ya zo da Umar al-Bashir a watan Disamba na 2017. Na yi azahar a na Shafi'i, mu huɗu ne da wani masunci. Sauran, gidan gwamna da ake kira Muhafaza, da tsohon bankin Masar, da gidan Khurshid, duk kufai ne, wani ya fi wani. A Gef kuma akwai ragowar wakalar Shinnawi, masaukin fatake, wadda mutanen gari ke cewa ɗakunanta sun kai yawan kwanakin shekara.

Abin da ya kashe garin, in kin tsaya a bayan tsibirin za ki gan shi da idonki. Teku ba a bakin gari yake ba, wani siririn mashigi ne mai tsawo ya ratso tsakanin duwatsun murjani har ya iso. Ga jirgin filafilai na da, babu mafaka irin wannan a duk gaɓar. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 ciniki ya ƙaru, attajirai suka yi ta ɗora benaye, raƙuma na zuwa daga garin Barbar na bakin Nilu da ƙaro da hauren giwa. Amma jiragen suka yi ta girma, mashigi kuwa yana nan yadda yake. Ga matsalar ruwan sha, wadda tun Ibn Battuta da ya ratsa ya ambace ta. Sai Turawan Ingila suka koma arewa kusan kilomita 60, wajen ƙabarin Shehu Bargut, suka fara sabuwar tasha a 1905, aka buɗe ta a 1909. Ita ce Bur Sudan, wadda kuke ji a rediyo ana ce wa Port Sudan. Kwastan ya koma can, banki ya bi, 'yan kasuwa suka kulle ƙofofi suka bi kuɗinsu. Abin da aka bar wa Sawakin shi ne alhazai da karantinarsu. Kakarki ta iso bayan masu gidajen sun yi shekara ashirin da wani abu da tashi, shi ya sa ta ga benaye a tsaye babu kowa. Ba ta ƙara komai ba, yadda ta faɗa haka yake.

Kyanwoyin ma suna nan, manya-manya, ba sa tsoron mutum. Mutanen gari ba sa dukansu, suna cewa aljanu ne, wai a tsibirin Annabi Sulaimanu ya ɗaure aljanu. Allah ne masani. Beja dai a harshensu kasuwa kawai suke kiran garin.

Magini Bazazzagi ya amsa:

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa yaron ya zama mai ceto. Malam Ɗan Gadarif ya yi bayanin tashin mutane, ni kuma zan ɗan taɓa zubewar ginin, don aikina ke nan, gini nake koyarwa.

Hajiya, in kin taɓa ganin soron ƙasa da masu shi suka yi ƙaura, kin ga Sawakin. Murjani in an sare shi daga ruwa da taushinsa, ana gyara shi da gatari, sai ya sha iska ya taurare. Amma duk jikinsa ƙofofi ne, kamar yadda kika gani a na hannunku, yana shan ruwa yana shan gishiri. Bangon fuska biyu ake yi masa, a cika tsakiya da ɓaraguzai, a riƙa shimfiɗa katako a tsakanin jeri don ya ɗaure. Sannan a ƙona wani murjanin ya zama farar ƙasa a shafe ko'ina. Wannan shafen shi ne ran ginin, daidai da yaɓe da makuba a wajenmu. Yankin ba ya samun ruwa da yawa, kuma a lokacin sanyi yake samu, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa. Shekara ɗaya ba a duba rufi ba, ruwa ya sami hanya, ya sauka cikin bango, katako ya ruɓe, fuskokin nan biyu su rabu. Sauran aikin nauyin bene ne zai ƙarasa. Ga kuma masu zare katakon tagogi da masu kwasar dutse su yi nasu gini, yadda muka ga ana yi wa ganuwa a garuruwanmu.

Tagogin da Kaka ta ce kamar akwatuna, roshan ake ce musu. Iska ke shiga ta cikinsu, matan gida su ga titi ba a gan su ba, wasu har shimfiɗa ake yi a ciki a kwanta. In Allah Ya kai ki Umra, ki roƙi a kai ki tsohuwar Jidda, unguwar Balad. Dutse ɗaya ne, roshan ɗaya ne, magina ma hannu ɗaya suka koya. Can an tsaya an gyara, har UNESCO ta sa ta a jerin kayan tarihin duniya a 2014. Abin da idon Kakarki ya gani ya fi kusa da Balad a kan hotunan Sawakin na yau. Akwai kuma wani malamin zane, Greenlaw, da ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito a 1976. Da zanensa ake dogara yanzu in za a ta da wani gini.

Abu ɗaya nake tsoro a duk gyaran irin wannan gini, a ko'ina ne: siminti. Yana toshe numfashin dutsen, gishiri ya taru a ciki ya cinye shi. Farar ƙasa aka san shi da ita.

Tsohon Ɗalibin Khartum ya amsa:

Ni na je a 2019 lokacin ina karatu a Khartum, mu shida muka hau bas tun asuba. Gaskiya ni raina ɓacewa ya yi. Na shiga da zumuɗi, na fito ina tambayar kaina yadda aka zuba ido gari guda ya narke. Wani dattijo mai sayar da jabana, wato gahawa, a bakin hanyar shiga ya ce mana kowane tsibin dutse da muke gani yana da masu shi, magada ne barkatai, wasu a Bur Sudan, wasu a Jidda, wasu a Alƙahira, ba mai iya gyarawa shi kaɗai, ba kuma mai yarda ya saki. Tun 1994 sunan garin ke cikin jerin jira na UNESCO.

Abin mamaki, na cikin ruwa ya fi na tudu samun gata. Washegari a Bur Sudan wani mai kwale-kwale ya nuna mana wajen da jirgin Umbria yake kwance, jirgin Italiya da matuƙinsa ya nutsar da gangan a watan Yuni na 1940, da bama-bamai maƙil a cikinsa, don kada Ingila ta ƙwace su. A lokacin Turawa na biyan kuɗi su nutsa su kalle shi. Can gaba kuma akwai hasumiyar fitila ta Sanganeb a tsakiyar teku, wurin ya shiga jerin UNESCO a 2016.

Aunty, shawarata kada ki sa wa Mama ran zuwa yanzu. Tun Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke kin san halin da ƙasar ta shiga, mu kanmu da ƙyar aka kwaso na bayanmu.

Jikar Mai Tafiya ta sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri, ban san da bakin da zan gode ba. Jiya bayan isha'i na karanta wa Mama duka, ban tsallake ko layi ba. Da na zo wajen murjani sai ta ce a ɗauko adaka. Ta daɗe tana juya dutsen a hannu, ta ce shekara sittin da wani abu tana ganinsa ba ta san daga teku ya fito ba, ita a zatonta dutsen kan kabari ne. Na ce mata ai zai iya zama duka biyun, tunda garin ba shi da wani dutse sai shi. Wajen alkukin nan mai baƙin hayaƙi kuwa sai da ta sa na maimaita.

Malam Magini, in sha Allahu in mun sami zuwa Umra za mu nemi Balad. Ƙanena ɗalibi, na ji shawararka, ba za mu yi gangancin tafiya ba.

Yaya Ɗan Gadarif, saura tambayata ta ƙarshe ba ka taɓa ta ba, na kuma lura da gangan ne. Ka faɗa mini ko yaya ne, Mama ta ce za ta iya ɗauka.

Ɗan Gadarif ya amsa:

Haka ne ƙanwata, tsallakewa na yi, nauyi ya yi mini. Alhazai ba a cikin benayen ake sauke su ba, waje aka keɓe musu, ke ma kin san sunan, tunda a Jidda ma an yi unguwar Karantina cike da mutanenmu. Wanda ya rasu a tudu ake kai shi. Maƙabartun can fili ne na yashi da tsakuwa, dutse a kai dutse a ƙafa, babu rubutu, iska kuma ta shekara saba'in tana aikinta. Kabarin jariri ɗan kwana biyar, ba zan yi miki ƙarya in ce za a gane shi ba.

Amma filin yana nan, ina wuce shi duk zuwa. Kafin babbar salla in Allah Ya yarda zan sauka da kaya. Zan je da kaina bayan la'asar in rana ta yi sanyi, in yi musu sallama gaba ɗaya, in ce ɗan Sawakin, ƙanwarka tana gaishe ka daga Haɗeja. Zan ɗauko hoton filin da na mashigin da jirginsu ya bi ya fita. Ki tambayar mini Mama ko Kaka ta taɓa faɗin watan da ta haihu, da zafi ne ko da sanyi.